Hanyar ƙorafi ta SEC a ma'auni: abin da take iya ƙwato wa Baba, da inda ƙarfinta ya ƙare

Kuɗin tsoho ba irin na matashi ba ne. In ya zube, babu sauran shekarun aiki da za a sake tara shi. A Kaduna yawanci garatutin tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne ko na matatar mai, ko dunƙulen kuɗin fansho da aka ba malamin makaranta ranar da ya ajiye alli, ko kuɗin filin da Hajiya ta sayar don ta riƙa cin riba tana sayen maganin hawan jini. Sai wani mai takardu masu sheƙi, ko ɗan tsohon aboki, ya ce a kawo ya juya. Bayan shekara a nemi uwar kuɗi, a ji wai kasuwa ce ta faɗi. 'Ya'ya su taru a falo: wannan ya ce a kira 'yan sanda, wancan ya ce kotu, babbar yaya ta ce a bar wa Allah.

Akwai hukumar da aikinta ke nan, wato hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasa, SEC, wadda hedikwatarta ke Abuja. Tun 2015 take da rubutaccen tsarin karɓar ƙorafin masu zuba jari, mai matakai da wa'adin kwanaki. Shi za mu auna a nan. Hukuncinmu a taƙaice: tsarin kyauta ne, ba sai da lauya ba, kuma yana da haƙora a kan kamfanin da ke riƙe da lasisin hukumar. Amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Yawancin asarar da tsofaffinmu ke tafkawa ba ta shiga ta nan, kuma iyalai kan ɓata watanni suna ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasu ba.

Saboda haka tambayar farko ba "nawa aka ci?" ba ce. Tambayar ita ce wa ya karɓi kuɗin, kuma asusun wa suka shiga. A buɗe shafin SEC na intanet, akwai jerin kamfanonin da ta yi wa rajista, kowanne da aikin da aka yarje masa: dillancin hannun jari, ko juya kuɗin jama'a, ko ba da shawarar zuba jari. A duba sunan harafi da harafi, don mazambata kan ari sunan kamfani na gaskiya su ƙara kalma ɗaya. A duba aikin kuma. Kamfanin da lasisinsa na ba da shawara ne kawai ba shi da hurumin karɓar kuɗin Baba ya ce zai juya. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa da takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, mai tambarin gwamnati da aka rataye a bangon ofis. Wannan takarda shaida ce cewa an yi wa sunan kamfani rajista, ba izinin karɓar jarin kowa ba ce. Haka ma takardar SCUML, ta sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da EFCC ke bayarwa. Kamfanin da ke bayan manhajar zuba jari ta CBEX, wadda ta rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilun 2025, yana da su duka biyun, amma SEC ta bayyana cewa ba ta taɓa yi masa rajista ba.

In sunan yana cikin jerin, an shiga filin da tsarin ke aiki. Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko ɗaci: asara ce ko cuta?

Hukumar ba ta biyan kowa don farashi ya faɗi. Tsarin ya faɗa a fili cewa ba ya sauraron ƙorafin wanda kawai bai ji daɗin farashin hannun jarinsa ba. Dattawan da suka shiga kasuwa a 2007 sun san wannan da jikinsu. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000, kafin shekarar ta ƙare ya zubar da fiye da kashi 45 cikin ɗari. A 2011 gwamnati ta karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi da takardun da ko ƙosai ba za a naɗe da su ba. Duk wannan zafi ne na gaske, amma ba shi ne ake kai wa SEC ba. Abin da ake kai mata shi ne saɓa doka ko saɓa amana, kuma nau'o'insa sanannu ne. Dillali ya sayar da hannun jarin Baba ba da umarninsa ba. Ko ya sayar da umarni amma kuɗin ba su iso ba. Ko an ba shi kuɗi ya saya, ya riƙe bai saya ba. Ko kamfanin da ke juya kuɗi ya rubuta cewa takardun lamunin gwamnati zai saya, ya kwashe ya zuba a wani abu mai haɗari. Ko an yi wa mai shekara 72 alkawarin cewa uwar kuɗinsa ba za ta taɓu ba a kan hajar da kowa a kasuwar ya san tana hawa tana sauka.

Akwai wata cutar da iyalai ba su cika ganewa ba, ita ce yawan saye da sayarwa don tara la'ada. La'adar dillali kan kai kashi 1.35 cikin ɗari a kowane ciniki, ban da kuɗin hukuma da na kasuwa da na CSCS mai ajiye rijistar hannun jari da haraji. A ce Baba ya zuba naira miliyan 8. Duk lokacin da aka taɓa su gaba ɗaya, naira 108,000 sun tafi aljihun dillali. In ya sayar ya sake saye sau goma a shekara, ciniki ashirin ke nan, kusan naira miliyan 2 sun narke ko da farashi bai motsa ba. Baba zai ga kuɗinsa na raguwa, a ce masa kasuwa ce. Ba kasuwa ba ce, kuma takarda tana nuna hakan ƙarara.

Takardun kuwa su ne komai. Mafi daraja a cikinsu bayanin asusun CSCS, kamfanin da ke ajiye rijistar hannayen jarin da ake ciniki a kasuwar Legas. Duk mai hannun jari ta hannun dillali yana da lambar da ake kira CHN. Da ita za a nemi cikakken tarihin asusun kai tsaye daga CSCS, ba daga dillalin da ake tuhuma ba, domin bayanin da dillali ke bugawa a kwamfutarsa shi yake rubuta abin da ya ga dama. A ajiye biyun gefe da gefe. In na dillali ya ce Baba na da hannun jari 200,000 na wani banki, na CSCS ya ce an sayar da su tun bara, to an kama bakin zaren. Daga nan sai a nemi kamfanin ya fito da takardar umarnin sayarwa mai sa hannun Baba. In babu, ko sa hannun bai yi kama da nasa ba, wannan ita ce irin shari'ar da tsarin SEC ya fi ƙwarewa a kai, kuma abin da ake nema a fili yake: a mayar da hannayen jarin yadda suke, haɗe da ribar shekara da ƙarin hannun jarin kyauta da suka wuce shi a tsakani.

Sauran abin da za a tattara: fom ɗin buɗe asusu, musamman shafin da aka rubuta shekarun Baba, hanyar samun kuɗinsa, da irin haɗarin da ya ce zai iya ɗauka, takardar shaidar kowane ciniki, rasit ko tela na banki, sitatimen na asusunsa daga watan da kuɗin suka fita, takardun talla da aka ba shi, da saƙonnin waya. Fom ɗin buɗe asusun nan yakan zama takobi mai kaifi biyu. Sau da yawa ma'aikacin kamfani ne ya cike shi, ya yi alama a gurbin "mai iya ɗaukar babban haɗari", Baba ya sa hannu a ƙasa bai karanta ba, wataƙila ma ba ya karanta Turanci. Kamfanin zai ɗaga wannan shafi ya ce ga yardarsa. Amsar ita ce a nuna rubutun ba nasa ba ne, a nuna ba a fassara masa ba, a kuma nuna a wannan fom ɗin an rubuta ɗan fansho ne wanda ba shi da wata hanyar shiga. Mai ba da shawara da ya san haka ya kuma tura shi cikin haɗari, shi ne zai yi bayani.

Wayar Baba kuma a yi hattara da ita. Kada a goge komai, kada a canza ta, kada jika ya karɓa ya ce zai gyara mata wuri. Saƙon murya na WhatsApp inda wakilin kamfani ke cewa "Baba ku kwantar da hankalinku, ko sisi ba za ta yi ciwon kai ba" ya fi shaidu uku. A kwafe shi a wuri biyu, a bar na asali a cikin wayar, domin in magana ta kai kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da saƙon ya fito daga cikinta.

Abu ɗaya da ke kashe ƙorafi tun kafin a fara shi ne in kuɗin sun shiga asusun ma'aikaci na kansa, ba na kamfani ba. Kamfanin zai ce bai san da maganar ba, hulɗarku ce ta ƙashin kai, kuma tsarin SEC ya ware rigingimun yarjejeniyar bayan fage daga abin da yake saurara. Ba lallai ne a yanke ƙauna ba. In an karɓi kuɗin a cikin ofishin kamfanin, aka ba da rasit mai tambarinsa, ko aka yi wasiƙa a kan takardarsa, akwai hujjar ɗora masa alhakin ma'aikacinsa. Amma aikin ya ninka.

Yanzu matakan. Ba a fara zuwa SEC kai tsaye, kuma wanda ya yi haka yakan ga an maido shi baya. Ana fara rubuta wa kamfanin da kansa, zuwa ga jami'in da ke kula da bin doka. Wasiƙar kada ta wuce shafi biyu: suna da lambar asusu da CHN, ranar da aka ba da kuɗi da adadinsu, abin da aka yi alkawari da wanda ya faɗa, abin da ya faru, sai abin da ake nema da adadi, ba "a yi mana adalci" ba. A liƙa kwafin takardu, a riƙe na asali a gida. A kai biyu, su buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya su maido. A tura ta imel ma. Tsarin ya ba kamfani kwana 2 na aiki ya amsa cewa ya karɓa in ta imel ne, kwana 5 in ta wasiƙa ce, sannan kwana 10 na aiki ya warware. In wa'adin ya cika babu abin kirki, sai a ɗaga zuwa mataki na biyu: in dillalin hannun jari ne, sashen sa ido na kasuwar, NGX RegCo, in wani nau'in kamfani ne, ƙungiyar masu sana'ar da hukumar ta amince da ita. Su kuma kwana 20 na aiki gare su. Daga nan sai SEC, da kwafin duk wasiƙun baya a matsayin shaidar cewa an bi layi.

Abin yabo a nan shi ne kamfani mai lasisi yana tsoron wasiƙar hukumar fiye da yadda yake tsoron ihun iyali a harabar ofis. SEC na iya cin sa tara, ta dakatar da shi, ta soke rajistarsa, ta haramta wa shugabanninsa aiki a kasuwar, kuma tana da kwamitin sauraron ƙara na cikin gida da ke kiran ɓangarori biyu. Kamfanin da ke son ci gaba da sana'a yakan gwammace ya biya mutum ɗaya ya rufe fayil. Saboda haka ƙorafi mai tsabta, mai lambobi da kwanan wata, a kan kamfanin da har yanzu yake da rai, yana da kyakkyawar dama.

Abin zargi kuma ba kaɗan ba ne. Wa'adin kwanakin nan a takarda suke da kyau. Fayil mai sarƙaƙiya yakan ɗauki watanni, kuma wanda bai riƙa bibiya ba sai nasa ya kwanta. Komai da Turanci ake yi, fom da wasiƙa da zaman sauraro, ga tsohon da aka yaudara da Hausa tsantsa. Mutumin Kaduna kuma tafiya ce a gabansa: ko ya hau jirgi a Rigasa zuwa Abuja, ko ya kama hanyar Kano inda hukumar ke da ofishin shiyya. Ana iya aikawa ta intanet, amma in an kira zama sai an je. Babban raunin kuwa shi ne shawarar baki. Tsarin ya ce ba ya karɓar zargi marar takarda, alhali mummunar shawara a wurinmu a baki ake ba da ita, a kan tabarma bayan La'asar, tsakanin mutanen da ke jin kunyar neman rubutu. In babu saƙo, babu takarda, babu wanda ya ji, hukumar ba ta da abin kamawa, duk gaskiyar Baba.

In kamfanin ya mutu fa? Nan ake jin labarin asusun kare masu zuba jari, kuma nan ake yawan yin zaton da ya wuce kima. Asusu biyu ne. Na kasuwar hannun jari yana biyan wanda ya yi asara saboda dillali ya karye, ko ya yi sakaci, ko ya ci amanar kuɗi. Lokacin da ya fara biya a 2015 iyakarsa naira 400,000 ce ga mutum ɗaya. Na SEC, wanda aka ƙaddamar a 2015 ɗin da naira biliyan 5, iyakarsa a lokacin naira 200,000 ce. Ga wanda ya rasa miliyan 8, wannan share hawaye ne kawai. A nema, haƙƙi ne, amma kada a gina lissafin gida a kansa. Kada kuma a haɗa shi da inshorar NDIC. Ita ajiyar banki take karewa, har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci da miliyan 2 a ƙaramin banki tun daga 2024, ba ta da ruwa da hannun jari ko kuɗin da aka ba wani ya juya.

Wanda bai gamsu da hukuncin SEC ba yana da kotun musamman ta harkar zuba jari, IST, mai zama a Abuja da wasu shiyyoyi ciki har da Kano. Dokar zuba jari ta 2007, kafin a maye gurbinta a 2025, ta ɗora mata gama shari'a cikin wata uku daga fara sauraro, ta kuma ba mai ɗaukaka ƙara kwana 30 daga samun hukuncin hukumar. Daga ita sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. A wannan mataki a ɗauki lauyan da ya san kasuwar, ba lauyan filaye ba, kuma a yi lissafin kuɗinsa tun da wuri. Ga asarar naira 600,000, zirga-zirga da kuɗin lauya na iya cinye rabi. A kula da wani tarko: in an riga an shigar da ƙara a wata kotu, SEC za ta janye hannunta, domin ba ta taɓa maganar da ke gaban alƙali. Ɗan'uwa mai zafin kai da ya ruga kotu a makon farko yana iya rufe wa iyali ƙofar kyauta. A ɗaya ɓangaren kuma jinkiri na da nasa haɗari, don dokar ƙayyade lokacin ƙara ta Jihar Kaduna shekara 5 ta ba maganar yarjejeniya, kuma zaman jiran hukuma ba ya tsayar da agogon.

In a cikin banki aka ba da shawarar, hanya ta rabu biyu. Wasu bankuna suna da 'yan'uwan kamfanoni masu juya kuɗi, waɗanda ke ƙarƙashin SEC ko da a harabar bankin aka cike fom. Amma in ma'aikacin bankin ne ya fasa ajiyar Hajiya ta ƙayyadadden lokaci ba da izini ba, ko ya karkatar da kuɗin, Babban Banki, wato CBN, ake nufa. A rubuta wa bankin, a karɓi lambar ƙorafi, a ba shi mako biyu, sannan a kai wa sashen kare abokan hulɗa na CBN. Reshensa na Kaduna yana kan titin Yakubu Gowon. Tun 2015 CBN ya sa iyakar shekara 6 ga irin wannan ƙorafi, ban da na zamba.

Sai babban rukuni, wanda ya fi cin tsofaffinmu: kamfanin da ba shi cikin jerin kwata-kwata. Masu cewa kawo 100,000 ka karɓi 20,000 duk wata, masu gonar da ba wanda ya taɓa gani, masu cinikin kuɗin waje da na kirifto a waya. Tun MMM da ya daskare a Disambar 2016 salon bai canza ba, riga kawai ake sauyawa: da kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi har ranar da sababbi suka ƙare. Dokar zuba jari ta 2025, wadda ta maye gurbin ta 2007, ta tanadi tarar da ba ta gaza naira miliyan 20 ba, ko ɗaurin shekara 10, ko duka biyun, ga masu wannan harka. A sanar da SEC, tana iya rufe ofishinsu ta nemi a daskarar da asusunsu. Amma ba ta da lasisin da za ta yi musu barazana da shi, don haka tsarin ƙorafin da muka bayyana ba ya aiki a nan. Wannan aikin EFCC ne, kuma tana da ofishin shiyya a Kaduna. Takardar koke a rubuce, da lambobin asusun da kuɗin suka shiga, da sitatimen. Dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, ta kuma ba kotu ikon umartar a mayar wa wanda aka cuta dukiyarsa. Sai dai umarni daban, kuɗi a hannu daban. Abin da aka tarar a asusu shi ake rabawa, kuma a irin wannan harka sauri ne kaɗai ke sa a tarar da wani abu. Mako biyun da iyali suka ɓata suna lallashin wakili ya isa a kwashe komai.

Wakilin nan kuwa sau da yawa ɗan unguwa ne, ko suruki, ko abokin sahun masallaci, wanda shi ma nasa kuɗin sun tafi. Kai shi caji ofis yakan huce haushi, ba ya dawo da kuɗi, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Iyalai da yawa kan nufi kotun shari'ar Musulunci, irin ta Magajin Gari, kuma yana da kyau a san yadda alƙali zai kalli maganar. In Baba ya ba mutum kuɗi ya yi kasuwanci a raba riba, wannan ƙiradi ne, kuma mai juya kuɗin amintacce ne: ba ya biyan asara sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi, misali an ce ya sayi masara ya ajiye, ya je ya zuba a manhajar waya. Sharaɗin cewa uwar kuɗi ba za ta taɓu ba, ko a yanka riba tsayayya duk wata, ɓata ƙiradin yake yi a mazhabar Malikiyya, ba ƙarfafa shi ba. Wanda kuma baki kawai ya sa, bai karɓi kuɗi ba, bai ci la'ada ba, ɗora masa biya yana da wuya. Hujja a kan mai ƙara take, rantsuwa a kan wanda ya musa. Saboda haka abin da za a nema tun farko shi ne ko wakilin yana karɓar kamasho a kan kowane mutum da ya kawo. In sitatimen ɗinsa ya nuna haka, matsayinsa ya tashi daga mai ba da shawara zuwa mai cin moriya. In ana son sulhu a rubuce wanda kotu za ta amince da shi, akwai zauren sasanci na babbar kotun jiha; biya kashi-kashi da aka sa wa hannu a can ya fi alkawarin gaban dattawa da ba a rubuta ba.

Duk wannan ba ya tafiya sai da yardar mai kuɗin. Ɗa ba shi da hurumin neman bayanin asusun mahaifinsa don kawai ɗansa ne. Kamfani da CSCS da banki duk za su ƙi, kuma da gaskiyarsu. Ko Baba ya sa hannu a wasiƙun da kansa, ko ya ba ɗaya daga cikin 'ya'yan takardar wakilci da lauya ya tsara. In ya rasu, sai takardar izinin kula da gado daga kotu. A zaɓi mutum ɗaya ya riƙe fayil, don wasiƙu uku daga 'ya'ya uku masu adadi daban-daban kyauta ce ga lauyan kamfani. Kuma a san yadda za a tambaye shi. Tsoho kan ɓoye rabin asarar saboda kunya, musamman in an taɓa hana shi. "Ai mun gaya muku" ba ta fito da rasit daga ƙarƙashin katifa. Abin da ke fitowa da shi shi ne a zauna a ce, "Baba, ba ku kaɗai suka yi wa ba. Ku nuna mana takardun, mu za mu yi zirga-zirgar."

Wani lokaci ma, ana cikin tonon takardun sai a tarar ba duka ne suka salwanta ba. Dattawa da yawa suna da ribar hannun jari ta shekaru da ba su karɓa ba, saboda an daina aiko da takardar riba ta gidan waya kuma ba su cike fom ɗin biya ta banki ba. Shafin SEC yana da wurin bincika suna. Ko ribar ta wuce shekara 6 an mayar da ita asusun amana na gwamnati bisa dokar kuɗi ta 2020, mai ita yana da ikon nema.

Daga ranar da labarin asarar ya fita kuma, a sa ido a kan wayar Baba. Za a kira shi a ce daga EFCC ne, ko daga hukumar, ko wani lauya ne da ya ƙwato kuɗin mutane, an ga sunansa a jerin waɗanda za a biya, ya turo naira 50,000 na buɗe fayil ko ya karanto lambar da ta shigo wayarsa. Sau da yawa mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayi jerin sunayen daga hannunsu. A yi gudun gara a faɗa gidan zago. SEC ba ta karɓar ko kwabo don sauraron ƙorafi, EFCC ba ta karɓar kuɗin koke, kuma babu ɗayansu da ke neman lambar sirri ta katin banki ko lambar da banki ya turo ta waya.